Kafin a kawo kare gida

Yara, da wuya a samu ƙauye ko unguwa a ƙasarmu inda babu kare. Makiyayi yana ajiye shi don ya kori dila daga garke. Maharbi yana fita daji da shi neman zomo. A birni kuwa, gadi ya ke yi da dare. Malamai ma sun ce an yarda a ajiye kare saboda farauta, ko tsaron bisashe, ko tsaron gona. Amma ku lura da wani abu. Idan maigida zai sayi rago, sai ya zagaya kasuwa, ya duba haƙora, ya taɓa ƙirji, ya tambayi inda aka kiwata shi. Kare kuwa sau da yawa a hanya a ke tsinto shi, ko yaro ya roƙo shi wurin abokinsa ya shigo da shi cikin riga. Bayan wata shida sai ka ji ana cewa, "Karen nan mugu ne, a kore shi." Ni a ganina, yawancin halin da mu ke zargin kare da shi mu ne mu ka koya masa, ko kuma tun farko mun ɗauko karen da bai dace da gidanmu ba.

Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Ke nan ɗan kwikwiyon da ɗan aji uku ya ɗauko yau, yaron zai gama firamare, ya shiga kwaleji, ya fara gemu, karen yana nan yana jiran abinci safe da yamma. Saboda haka ba maganar yaro kaɗai ba ce. Sai baba da inna sun yarda. Sai an san wa zai ba shi ruwa, wa zai share kashinsa, da kuma inda zai kwanta, nesa da randa da wurin salla.

To, wane iri za a ɗauka?

Muna da wani kare namu na Nijar wanda duniya ta sani, wato karen Azawak. Sunansa ɗaya da shanun Azawak da ku ka sani, don ƙasarsu ɗaya: arewacin Tawa, wajen Abalak da Cin-Tabaradan, har cikin Mali. Buzaye ne su ka fi kiwonsa. Dogo ne siriri, tsawonsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 74, amma nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba. Wanda bai san shi ba, idan ya hangi haƙarƙarinsa sai ya ce yunwa ce, alhali haka halittarsa ta ke. Yana iya gudun kusan kilomita 60 a awa, shi ya sa ya ke kamo zomo da barewa. Bayan 1970 aka fara kai shi ƙasashen Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su. Abin alfahari ne. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar ɗaukarsa ba. Kare ne na fili. Ya saba bin raƙuma da shanu wuni guda. Yana son mutanen gidansu ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Idan aka kulle shi a ƙaramin gidan haya a Yamai ko Maraɗi, inda baƙi ke shige da fice kuma babu wurin gudu, an zalunce shi, kuma wata rana zai huce a kan kajin maƙwabta.

Akwai kuma karnukan waje, waɗanda wasu a manyan birane ke saye da kuɗi mai yawa. Wanda aka fi sani shi ne karen Jamus, irin wanda ku ke gani tare da ƴan sanda da sojoji. A 1899 aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus, kuma aikinsa na asali tsaron tumaki ne. Yana da basira, yana koyon abu da sauri. Sai dai namijinsa yakan kai kilo 40, cinsa da yawa, kuma da yawa daga cikinsu sukan yi ciwon kwankwaso idan sun manyanta. Gashinsa ninki biyu ne, domin sanyin can. Ku tuna, kare ba ya zufa a jiki kamar mu. Da haki ya ke rage zafi, shi ya sa ku ke ganin harshensa a waje. Yanzu ku ɗauki mai irin wannan gashi ku ajiye shi a Damagaram a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu inuwa. Wasu ma har karen Saiberiya su ke sha'awa, wanda aikinsa jan kaya a kan ƙanƙara, don kawai idonsa shuɗi ne. Wannan dai burga ce, kuma karen ne ke biyan kuɗinta.

Ga mafi yawan gidajenmu, ni dai karen gida na gargajiya na zaɓa, wannan ja ko fari mai gajeren gashi da ku ke gani ko'ina. Ya saba da zafinmu, ya fi jure kaska da ƙuma, abincinsa ba wuya, gadi kuma ba wanda ya fi shi. Abin da za a duba shi ne uwar. Ku je ku gan ta da idonku. Idan karya ce mai natsuwa, wadda ke barin mutanen gida su matso kusa da ita, ƴaƴanta sukan ɗauko ta. Idan mai firgita ce, ko mai kai cizo ba dalili, ku nemi wata. Cikin ƴaƴan kuma kada ku ɗauki wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki, ko wanda ke danne ƴan'uwansa kullum. Ku ɗauki mai kuzari, mai ido garau, wanda ya zo ya shinshina hannunku.

Ga inda yara su ka fi yin kuskure. Ɗan kwikwiyo yakan buɗe ido wajen sati biyu da haihuwa, sai yara su ce ya isa ɗauka. Bai isa ba. A bar shi wurin uwarsa har sati 8. A wannan lokaci ne ya ke koyon abin da mutum ba zai iya koya masa da kyau ba. Idan suna wasa ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, sai wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Haka ya ke gane cewa haƙori yana da zafi, ya koyi sassautawa. Wanda aka raba da uwa da wuri bai yi wannan makaranta ba. Daga nan kuma har ya kai kamar wata uku, duk abin da ya saba da shi ba zai ji tsoronsa ba idan ya girma. Sai a nuna masa awaki da kaji, da jaki da amalanke, da ƙarar babur, da tsofaffi masu sanda, da ƙananan yara, a hankali ba da tsoratarwa ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Yanzu bari mu zo kan halayen da a ke kuka da su. Kowane ɗaya yana da dalili, kuma wanda ya gano dalilin ya yi rabin magani.

Kwikwiyo ya tauna takalmin baba. Me ya sa? Haƙoransa na nono guda 28 ne ke zuba, manya guda 42 suna fitowa, daga wata uku zuwa wata shida ko bakwai. Dasashinsa ƙaiƙayi ya ke yi. A ɗauke takalma daga ƙasa, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla, ko babban ƙashin sa ɗanye wanda ba zai iya haɗiyewa ba. Ban da ƙashin kaza dafaffe, don yakan tsage ya soke shi a ciki. Tun da mun zo kan abinci, ku sani albasa tana ɓata jinin kare, ko da ta Galmi ce, cakulan ma guba ne gare shi. Kuma ƙanzon tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. Yana bukatar ɗan nama ko kifi, ko abin da mahauta su ka rage. Karen da ke satar nama a madafa, a fara tambaya ko ya ƙoshi.

Kare yana haushi dare farai, ya hana unguwa barci. Je ka duba yadda ya wuni. Sau da yawa za ka tarar an ɗaure shi da sarƙa taƙi biyu tun safe, cikin rana, ba wanda ya kula shi. Wasu suna cewa wai ɗauri ne ke sa kare ya yi zafi, ya iya gadi. Zafin dai yakan yi, amma ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Dabbar da ba ta da hanyar gudu, idan ta tsorata, haƙori kaɗai ya rage mata. A sake shi cikin gida mai katanga, a fita da shi da igiya safe da yamma ya motsa jiki, a ajiye masa ruwa a inuwa. Karen da ya gaji da tafiya barci ya ke yi.

Duka kuwa, ban ga abin da ya ke gyarawa ba. Kare ya yi fitsari a zaure da hantsi, maigida ya dawo da la'asar ya zabga masa sanda. Karen bai san laifin da ya yi ba, domin ba ya haɗa abin da ya wuce da abin da ke faruwa yanzu. Abin da ya koya shi ne, dawowar maigida masifa ce. Dubarar da ta fi ita ce lada nan take. Ka kira sunansa ya zo, ka ba shi ɗan guntun ƙuli-ƙuli a daidai lokacin. Ya zauna da ka ce "zauna", ka shafa shi. Minti biyar a rana ya isa, amma kullum, kuma duk gidan da kalma ɗaya. Idan yaya ya ce "zo", ƙane ya ce "taho", inna ta ce "kai", karen zai rikice. Idan ya tasar wa kaza, a tsawata masa a daidai wannan lokaci, a janye shi da igiya, a yaba masa in ya bar ta.

Akwai kuma gurnani. Mutane da yawa sukan doki kare in ya yi gurnani. Kuskure ne babba, don gurnani gargaɗi ne, yana cewa "matsa, na tsorata", ko "ina jin ciwo". Idan ka hana shi gargaɗi, gobe sai ya yi cizo ba sanarwa. Ku dai yara, kada ku taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Kada ku ja wutsiyarsa, kada ku hau bayansa. Kada a bar jariri shi kaɗai da kare, kome kirkinsa. Jifar kare a hanyar makaranta kuma, na san wasunku suna ɗaukarta wasa. Karen da ku ka jefa yau ba zai manta da masu gajeren wando ba, kuma mai yiwuwa ƙaramin da bai iya gudu ba ne zai gamu da shi. Idan baƙon kare ya nufo ku, ku tsaya cik kamar icce, hannuwa a jiki, kada ku zura masa ido, kada ku ruga.

Dalilin da ya sa na ke matsawa a kan cizo shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inku. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar. Takan shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata biyu ko uku a ɓoye, mutum yana ganin ya warke. Ranar da alamu su ka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Amma kafin nan akwai magani. Tun a 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Saboda haka idan kare ya ciji ɗayanku, ko ya yakushe shi, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen a kan raunin. Karen kuma a tsare shi aƙalla kwana 10, likitan dabbobi ya duba shi, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a je likita.

Mai kare yana da hakki a nan. Da kwikwiyo ya kai wata uku, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafi, a karɓi takarda, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya ce. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Kuma duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, mai wasa ya koma ɓuya, ko miyau yana dalala, ko muryarsa ta sauya, ko yana cizon icce da dutse, kada kowa ya taɓa shi. A rufe shi, a kira manya.

Wani lokaci iyali sukan ga ba za su iya ci gaba da riƙon karensu ba, ko don ƙaura, ko don ya fi ƙarfinsu. Abin da aka saba yi shi ne a kai shi bayan gari a yar, ko a zuba ƴaƴan karya a bola. Waɗannan su ne ke komawa garken karnukan da ba su da mai su, masu bin mahauta da juji, suna kashe awakin mutane, ba allura ba kome. Wanda ba ya son ƴaƴa, ya tambayi likitan dabbobi a yi wa karyarsa aikin hana haihuwa, ko a fiɗiye namijin. Wanda kuma zai rabu da karensa, ya nemi makiyayi ko mai lambu da ke bukata, ya gaya masa gaskiyar halinsa, har da cizon da ya taɓa yi in ya taɓa, ya miƙa masa shi tare da takardar allurarsa.