Sharhi: Ɗaliban DE sun samu gurbi, amma ina kujerarsu?

Duk shekara dubban masu takardar ND, NCE da IJMB suna neman shiga jami'a ta hanyar DE, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Ana yawan magana kan wahalar samun gurbin, amma ba a cika tambayar halin da ɗalibin ke shiga bayan ya samu ba.

Sau da yawa sunayen 'yan DE kan fito a makare. Kafin ɗalibi ya karɓi gurbinsa a shafin JAMB, ya biya kuɗin makaranta, ya gama rajista, an yi makonni ana karatu. Zai tarar ɗakin lacca ya cika maƙil, wasu na rubutu a tsaye ta taga. An riga an raba rukunin shiga ɗakin gwaje-gwaje, wani malamin ma ya yi gwajin farko.

Sannan akwai darussan aji ɗaya da sashe kan ce sai ya ɗauka, waɗanda lokacinsu kan ci karo da na aji biyu. Ga kuma dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a zauna jarrabawa, wadda jami'o'i da dama ke aiki da ita. Tunda makin ɗan DE daga aji biyu ake fara lissafa shi, zangon farko da ya lalace zai iya binsa har ranar kammalawa. Ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023, suka nemi ci gaba da karatu a gida, sun san ɗacin shiga ajin da ya riga ya cika.

Jami'o'i na da uzurinsu. Hukumar NUC ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, kuma tun 2023 JAMB ta tsaurara tantance takardun DE saboda na bogi da aka gano. Tantancewar ta zama dole, amma bai kamata mai takardar gaskiya ya biya bashin mai ta ƙarya ba.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A fitar da sunayen DE kafin a buɗe zango. Kowane sashe ya ware musu gurbi a rukunin gwaje-gwaje tun farko. A lissafa halartar lacca daga ranar da ɗalibi ya yi rajista, a kuma naɗa malami guda da zai daidaita musu jadawali.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a kammala rajista kafin ku fara shiga aji. Ku nemi jami'in da ke kula da ajinku tun makon farko, ku rubuta ƙorafin karon darussa, ku riƙe kwafi. Jami'ar da ta karɓi kuɗin ɗalibi, wajibi ne ta ba shi wurin zama.