Masu hoto, a daina ɓata wa mutane fuska

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma idan da hotunan da ake rabawa bayan bukukuwanmu za a yi hukunci, to da an ba mutane da yawa labarin da ba nasu ba. Amarya za ta kwashe sa'o'i ana yi mata kwalliya, dattijo zai naɗa rawaninsa ya zauna da kamalarsa, amma da an wanko hoto sai ka ga hanci ya kumbura, goshi ya yi tsini, kunnuwa sun ja da baya. A ganina, laifin yana wuyan mai hoton da ya kashe duk jarinsa wajen sayen jikin kyamara, ya manta da gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda shi ne idonta.

Bari in ɗan yi bayani domin mai karatun da ba sana'arsa ba ce. Kowane gilashin kyamara yana da lamba da ake aunawa da milimita. Ƙaramar lamba, kamar 24, tana kwaso fili mai faɗi, shi ya sa ta dace da ɗaukar taro ko gini. Babbar lamba, kamar 85 ko 105, tana jawo abu kusa, ta taƙaita abin da ke kewaye da shi. Wanda ke son cika hoto da kai da kafaɗun mutum da gilashin 24, dole ya matsa har tazararsu ta koma kamar rabin mita. Mai gilashin 85 kuwa yana tsaye ne daga mita ɗaya da rabi ko biyu.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fitowa da girma. Idan an matso daf da fuska, hanci ya fi kunne kusa da gilashi ƙwarai, sai ya rinjayi sauran gaɓoɓi. Idan an ja da baya, wannan bambanci yakan zama ɗan kaɗan, fuska ta fito yadda idon mutane ya saba ganinta a zaure ko a kasuwa. Ke nan tazara ce ke gyara fuska ko ta ɓata ta, gilashi kuma shi ke tilasta wa mai hoto tazarar da zai tsaya. A shekarar 2018 wasu likitoci a Amurka sun wallafa bincike a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery, inda suka nuna cewa hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi.

Wannan sani ya daɗe a hannun magabata. Tun a shekarar 1840 wani masanin lissafi mai suna Joseph Petzval ya tsara gilashi na musamman domin hoton fuska a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya rage wa mutane dogon zaman da suke yi ba motsi a gaban kyamara. Shahararren hoton yarinyar nan 'yar Afganistan da Steve McCurry ya ɗauka a 1984 a sansanin 'yan gudun hijira da ke Pakistan, wanda ya fito a bangon National Geographic a 1985, da gilashin 105 aka ɗauke shi.

Saboda haka shawarata ga matashin da ya shigo sana'a da ɗan jari ita ce ya sassauta wajen sayen jikin kyamara, ya tanadi kuɗin gilashi. Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa da gilashin 18 zuwa 55, wanda ƙofar haskensa ke tsukewa zuwa f/5.6 idan an jawo shi ƙarshe. Gilashin 50 mai ƙofar f/1.8 yana cikin mafi araha a kasuwa, kuma yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan, abin da ke da muhimmanci a ɗakin amarya ko zauren da wuta ta ɗauke. Bugu da ƙari, a kan ƙananan kyamarorin Canon da Nikon da akasarin matasanmu ke riƙe da su, gilashin 50 yana aiki ne kamar 75 ko 80, wato daidai abin da hoton fuska ke bukata.

Na san wasu za su ce situdiyoyinmu shaguna ne matsattsu, ina mutum zai samu wurin ja da baya? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ɗaukar mutum a tsaye tun daga hula har takalmi da gilashin 85 a babbar kyamara yana bukatar kusan mita 5, alhali da gilashin 50 mita 3 sun wadatar. Don haka mai ƙaramin shago ya auna ɗakinsa kafin ya je kasuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da ƙuncin wuri a cusa wa mutum kyamara a hanci.

Akwai kuma wani yayi da ya kamata a yi hattara da shi, wato buɗe ƙofar haske gaba ɗaya domin bayan mutum ya dushe. Idan abin ya yi yawa, sai ka ga ido ɗaya ne kawai ya fito sarai, aikin wuyan riga da ɗaurin kallabi da zanen lalle duk sun narke. A wurinmu sutura wani ɓangare ne na mutum. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya shahara a duniya ne da hotunan da ake iya ganin zanen atamfa da kitso da zobe a cikinsu filla-filla. Haka ma J. D. 'Okhai Ojeikere na nan Nijeriya, wanda ya fara tattara hotunan kitson mata a 1968. Da sun dusar da waɗannan abubuwa, da tarihin da suka adana mana ya tafi. Idan mutum biyu ko uku ne a hoto, a tsuke ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6 domin kowa ya fito.

Wanda zai sayi gilashi na hannu ya ɗaga shi ya haska da tocila, ya duba ko akwai fumfuna ko karce a ciki. Danshin damina na haifar da fumfuna, ƙurar hunturu kuma na shiga ciki idan ana yawan cire gilashi a fili. Goge shi da bakin riga kuwa kankare shi ne a hankali.

Masu ɗaukar hoto da waya ma maganar ta shafe su, domin babban idon yawancin wayoyi yana tsakanin 24 da 26 ne. Maimakon a matsa kusa, a ja da baya taku biyu ko uku, a danna alamar jawowa ta ninki 2 ko 3 idan wayar tana da ita.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyoyin masu hoto da iyayen gidan da ke yaye yara a wannan sana'a da su riƙa koyar da tazara da zaɓin gilashi kafin su koyar da gyaran hoto a kwamfuta, domin fuskar da aka murɗe tun wajen ɗauka da wuya gyara ya mayar da ita daidai. Su kuma masu biki su nemi ganin hotunan fuska da mai hoto ya taɓa ɗauka kafin su ba shi kafin alƙalami, kada girman kyamarar da ya rataya ya ruɗe su. Sau da yawa hoto guda ne ke rage wa jikoki daga kakansu, kuma da shi za su san kamanninsa. Duk wanda aka ba aikin ɗaukar wannan hoto, amana aka damƙa masa.