Maganin tsila: a fara da kare

Duk mai kiwon da ya taɓa ganin tunkiya tana kewaya wuri ɗaya kamar mai hajijiya, kai a karkace, ya san inda ake ƙarewa: a yi ta ɗura mata magani, daga bisani a kira mahauci. Idan aka fasa kan, sau da yawa akan tarar da ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwa. Ɗan tsila ne, uwar kuwa tana hanjin kare. Kare ya yi kashi a ciyawa, dabba ta haɗiyi ƙwan, a yanka ta a jefa wa kare kan ko huhun da ya lalace, a koma gidan jiya. A Bagwai, inda gona ke manne da gona, ɗaure dabba a turke da damina ba ya kare ta, domin ciyawar da ake yanko mata daga bakin gona da gefen madatsar Watari nan karnuka ke yawo. Ko keji bai tsare ba: a gidajen namun daji na Turai an sami irin wannan ƙunshi a jikin lemur, dangin birin nan na Madagaska, ta kashin karnuka ko yanyawa.

Wani zai ce ai muna ba dabbobinmu magani. Gaskiya ne, amma allurar ivermectin da aka fi saye ba ta taɓa tsila, albendazole kuma, duk da amfaninsa ga tsutsar hanji, ba abin dogaro ba ne idan ƙunshi ya kama ƙwaƙwalwa. Wanda ke kashe uwar shi ne praziquantel, kuma kare ake bai wa, a riƙa maimaitawa bisa shawarar malamin dabbobi. Na san da yawa za su ga asara ce a kashe kuɗi kan kare, wasu karnukan ma ba su da mai su. To binne gurɓataccen kayan ciki ba ya cin ko kwabo, kuma wata tsilar ta kare tana yin ƙunshi a hantar mutum, har takan kai shi ga tiyata. Da waɗannan matakai New Zealand, ƙasar tumaki, ta yaƙi cutar tun daga 1959, har ta sanar da rabuwa da ita a 2002. Kafin Babbar Sallah, ya kamata ƙaramar hukuma ta zauna da dagatai da sarakunan pawa, a tona rami mai murfi a kowace mayanka.