Sharhi: Wa ke raba gardama idan cinikin gwanjo ya ɓaci a intanet?

A kasuwar gargajiya, idan ciniki ya ɓaci akwai dillali da shaidu da sarkin kasuwa. A gwanjon intanet kuwa, wanda ya taya da wanda ya sallama ba su taɓa ganin juna ba, sau da yawa ma teku ce a tsakaninsu.

Kamfanin eBay na Amurka, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ya daɗe yana fama da wannan matsala. Rigingimun ba su cika wuce iri huɗu ba: kaya bai iso ba, ko ya iso amma ya saɓa da bayanin da aka yi, ko ya zama jabu, ko kuma wanda ya ci gwanjon ya ƙi biya.

Colin Rule, wanda ya jagoranci sashen sasanta rigingimu na kamfanin daga 2003 zuwa 2011, ya bayyana cewa ana warware ƙorafe-ƙorafe kimanin miliyan 60 a kowace shekara, akasarinsu ta hanyar manhaja, ba tare da wani ma'aikaci ya sa baki ba.

Ke nan alƙalin gwanjo shi ne kamfanin da kansa, hukuncinsa kuma ya rataya a kan wa'adi da hujja. A ƙa'idar eBay, mai saye yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya shigar da ƙorafi, mai sayarwa kuma yana da kwanakin aiki uku ya daidaita, kafin a nemi kamfanin ya yanke hukunci. Mai sayarwar da ba shi da lambar bin sawun kaya yakan yi asara, ko da ya aika da gaske.

Tun 2008 sikelin ya ƙara karkata ga mai saye, lokacin da kamfanin ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan abokan cinikinsu, domin a daina ramuwar gayya. Masu sayarwa na kukan cewa wannan ya buɗe ƙofa ga wanda zai karɓi kaya lafiya, sannan ya yi ƙaryar ya lalace.

Game da jabu, a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a New York ta yanke hukunci a shari'ar da kamfanin kayan ado na Tiffany ya shigar, cewa ba za a ɗora wa eBay laifi don kawai ya san ana sayar da jabu a dunƙule ba, matuƙar yana cire tallan da aka nuna masa. A Yunin 2023 kuma wata dokar Amurka ta fara aiki, wadda ta wajabta tantance duk mai sayar da sabbin kaya da ya yi ciniki 200 na aƙalla dala 5,000 cikin wata 12.

Wannan kariya ba ta game kowane gwanjo ba. 'Yan Najeriya da dama na sayen motoci ta gwanjon Copart, inda sharaɗin shi ne ana sayar da mota yadda take, babu lamuni. Idan ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas da mataccen inji, asarar ta mai saye ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta bai wa hukumar FCCPC ikon sauraren koke, amma tilasta wa wanda ke wata ƙasa mayar da kuɗi aiki ne mai wuya.

Saboda haka kariyar mai saye tana farawa ne tun kafin ya taya: ya karanta sharuɗɗan gwanjon, ya adana hotuna da bayanin kaya, ya kuma biya ta cikin dandalin. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai sayarwa ya fita daga inuwar ƙa'idar eBay baki ɗaya.