Sifili Don Ya Kalli Fara

Makon jiya ɗan ƙanwata ya dawo daga makaranta da shatar bulala biyu a bayan hannu da ƙaton sifili na jan biro a littafinsa. Shekararsa goma sha biyu. An ba su aikin gida ne a darasin kimiyya, kowa ya zano fara. Sauran yara suka kwafe wadda malam ya zana a allo. Shi kuwa gogan naka sai ya zagaya bayan gida ya kamo fara mai rai, ya jefa ta a kwalba, ya huda murfin da ƙusa don ta sha iska, ya kwanta rub da ciki yana kallonta har aka kira magariba.

Na ga zanen da idona. Ya fito da ƙayoyin da ke jere a ƙaurin ƙafafunta na baya. Ya nuna fiffike biyu a kowane gefe, na sama mai kauri, na ƙasa shara-shara a naɗe kamar mafici. Ya ɗiga wasu 'yan ramuka a gefen cikinta, ya rubuta a ƙasa cewa yana jin ta nan take numfashi, don ya ga cikin yana motsi. Kuma gaskiyarsa, ta nan fara ke shaƙar iska. Malam ya duba ya ce wannan ba ita ce farar da ya koyar ba. Sifili. Bulalar kuma ta shigo da ƙwaro aji ce.

Tun ranar raina yake a ɓace. Na ce wa uwarsa ta adana takardar nan a ƙasan akwati, domin a duk ajin ita kaɗai ce aikin kimiyya da aka yi a wannan rana. Saura duk kwafe ne, kuma ko inji ya iya kwafe.

Abin da yaron ya yi shi ake kira lura, kuma daga nan kowace ƙirƙira ke somawa. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, miji da mata, Robat da Mishel Rut-Banstain, sun fitar da littafi bayan sun bi diddigin wasiƙu da littattafan ajiyar bayanai na manyan masana kimiyya da mawaƙa da masu zane da marubuta. Sun ƙirga dabarun tunani 13 da waɗannan mutane ke aiki da su, irin su lura, da suranta abu a zuci, da gane tsari, da kamanta wani abu da wani, da tunani da hannu da jiki, da wasa. Abin da suka tarar shi ne, maƙera ɗaya ce ke fitar da kayan aikin mai zane da na mai binciken kimiyya. Mu kuwa mun ɗauki gatari mun raba kan yaro biyu, mun ce wannan ɓari na masu rabo ne, wancan na 'yan asara.

Da Santiyago Ramon Kahal na ƙasar Sifen ya faɗo hannun malamin nan, da ya sha bulala fiye da ɗan ƙanwata. Yaro ne marar jin magana, ba abin da yake so sai zane. Mahaifinsa likita ne, ya gaji da shi har ya kai shi koyon aski da gyaran takalmi. Daga baya uban ya sauya dabara, ya riƙa kai shi su samo ƙasusuwa, yaron yana zana su ɗaya bayan ɗaya. Da ya girma ya zama likita, ya ɗauki wani rini da Kamilo Golji na Italiya ya ƙirƙiro don ganin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a madubin likita. Golji ya duba ya ce jijiyoyin a haɗe suke kamar koma. Kahal ya duba, ya zana, ya sake dubawa, ya sake zanawa, har ya tabbatar cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, tsakaninta da maƙwabciyarta akwai 'yar tazara. Rini ɗaya, nama iri ɗaya, amma idon da ya saba da zane shi ya gano gaskiya. A 1906 aka ba su lambar yabo ta Nobel tare, kuma har yau zanen Kahal yana cikin littattafan ɗaliban likitanci.

Wa ƙarangiya ba ta taɓa kama wa wando ba a ƙasar nan? Mukan tsaya mu cire, mu yi tsaki, mu wuce. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, Joj da Mestaral, ya dawo daga daji ya tarar 'ya'yan wata ciyawa mai kama da ita sun manne wa tufafinsa da gashin karensa. Bai yi tsaki ba, sai ya sa su a madubi, ya ga 'yan ƙugiyoyi ne ke saƙale zare. Ya tambayi kansa, me zai hana a saƙa ƙyalle biyu, ɗaya mai ƙugiyoyi ɗaya mai zaren da za su kama? Daga nan aka sami Velcro, maɗaurin nan da ke takalman 'ya'yanmu da jakunkunansu, wanda muke saya da kuɗinmu.

Kada wani ya ce mini ai wannan baiwar Turawa ce. Kowace tsohuwa ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, saboda randa tana tsatsafo da gumi, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa kuma jikan magina tukwane, ya ɗauki wannan sanin ya kai shi kan kayan gwari. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yalon da kan yanƙwane a kwana uku sai ga shi yana kai makonni, ba lantarki, ba janareta. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan. Dabarar duk ita ce kamantawa: abin da ya sanyaya ruwa zai sanyaya tumatir.

Malamanmu na zaure ma sun san Khalil bn Ahmad na Basara, mutumin ƙarni na 8. Ya saurari waƙoƙin Larabawa har kunnensa ya kamo awon da ke ƙarƙashinsu, ya fitar da karuruwa 15, ya jera su a da'irori biyar. Ilimin aruli ke nan, wanda marubuta waƙoƙinmu na ajami suka ɗora baitocinsu a kai. Shi ne kuma ya tsara ƙamus na farko na Larabci, inda ya riƙa jujjuya haruffa yana lissafa kalmomin da za su iya fita daga cikinsu. To, ku gaya mini, Khalil ɗan sayans ne ko ɗan at? A wane aji za ku jefa Muhammad bn Muhammad al-Katsinawi, Bafulatanin da ya tashi daga Katsina ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake cika gidajen hatimi da lambobi, ko ta ina ka tara jimla ta fito daidai? Waɗannan mutane tsari suke farauta, ko a cikin sauti yake ko a cikin lamba.

Je ka karofin Ƙofar Mata a Kano ka tsaya kusa da marini. Ya zuba baba da toka da katsi a rami, ya bar su kwanaki suna ruɓa. Ba ya da ma'aunin zafi, ba ya da takardar gwaji. Da wari da launin kumfa yake sanin rini ya nuna. Ya tsoma zane ya ɗago shi kore-kore, ya shanya shi a iska, kana kallo yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ɗalibin da ya haddace sunan wannan sauyi da Turanci, ya ci jarrabawa a kai, in ka ba shi ramin zai ɓata shi a kwana ɗaya. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 ba ta yi boko ba. Yatsunta ne suka san kaurin da tukunya za ta ɗauki wuta ba ta fashe ba, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Muna kashe hotonta a kasuwa kullum, amma ɗanmu ya taɓa yumɓu mu ce ya ɓata kayan makaranta.

Wasa kuwa, shi muka fi tsana. Yaro ya zauna ya ƙera motar kara ko ta langa-langa, ya yi mata ƙafafu da tsohon silifa, ya yi mata sitiyari mai juya ƙafafun gaba, sai uba ya taka ta ya ce tashi ka ɗauki littafi. Alekzanda Filemin yana babban likita a Landan yana zane da ƙwayoyin cuta masu launi daban-daban, ya shafa su a faranti, su tsiro su zama hoton gida ko na soja. Mutumin da ya saba wasa da farantansa haka, shi ne a 1928 ya dawo hutu ya ga fumfuna ta kama ɗaya, ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita duk sun mutu, bai wurgar ba sai da ya bi ba'asi. Fenisilin ke nan, wanda wasu masana suka ƙarasa mayar da shi maganin da ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa.

Mu fa? Yaro na gama aji uku na ƙaramar sakandare sai a kasa su kamar tumatir a tire. Masu maki a tura su sayans, ragowar a watsa su at. Daga ranar ɗan sayans ya yi sallama da zane da adabi, ɗan at ya yi sallama da gwaji, kuma ya san an ajiye shi ne a layin waɗanda ba su da kai. Iyaye mu ma da namu laifin. Sau nawa ka ji uba yana bugun ƙirji, wai ɗansa ɗan sayans ne, alhali yaron bai taɓa kwance ko tocila ya ga cikinta ba?

Na san abin da za a ce: babu ɗakin gwaji, yara sun fi ɗari a aji, albashi ba ya kai wata. Duk gaskiya ne, kuma alhakin yana wuyan masu mulki. Amma nawa ake sayar da fara? Nawa ne kuɗin ganyen dogon yaro, ko inuwar sanda da yara za su auna da safe da azahar? Minti biyar ɗin da malam ya ɓata wajen bulala ya ishe shi ya ɗaga kwalbar nan sama ya ce kowa ya zo ya ƙirga ƙafafun. Ban kuma raina hadda ba. Da ita alarammominmu suka tsare Alƙur'ani, kuma likita dole ya riƙe sunayen magunguna a ka. Sai dai hadda rumbu ce, wurin ajiyar abin da aka riga aka noma. Al'ummar da ta tsaya gadin rumbu ta bar gona, ranar da hatsin ya ƙare sai bara.

Shi ya sa nake jin kunya in na ji manya a taro suna kukan wai ba ma ƙera ko allura. Tun ran gini ran zane. Wanda zai ƙera allurar yana nan a aji ɗaya na sakandare, kuma kun riga kun koya masa cewa idonsa ba abin yarda ba ne, allo ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

Shekaranjiya na leƙa gidan ƙanwar tawa. Yaron ya taro ni da murna, ya miƙo mini littafi. An ba su aikin zana kifi, ya kwafe na allo tsaf, layi bai kauce ba, malam ya ba shi goma bisa goma har da yabo da jan biro. A tsakar gida kuwa uwarsa na zaune tana gyaran karfasa guda huɗu da za ta sa a miya, ƙayoyinsu da ɓawonsu da jajayen matsatsansu duk a fili cikin roba. Ya wuce ta gefensu sau biyu, ko kallo ba su ishe shi ba.