Harajin da Talaka Zai Iya Ƙin Biya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya ce a ƙara haraji, to ya shirya shan harara, kuma hararar tana da dalilinta. Tun lokacin da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, lanho da aikin tilas su ne abin da talaka ya fara sani game da hukuma. A shekarar 1925 a Cikal aka soma abin nan da ake kira Hauka ko Babule, kuma cikin abubuwan da suka tayar wa Nasara hankali har da ƙin biyan haraji da ƙin bin sarakunan da ya ɗaure wa gindi. A yunwar 1931, sa'ad da fari da fara suka cinye yammacin Nijar, ba a daina neman lanho ba wurin mutanen da ke kwana da ganye a ciki. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Saini Kunce ɗan Fandu, aka sauke wa talaka kuɗin kai na gwamnati, albarkacin arzikin yuraniyom. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da wannan tarihi, ina da ra'ayin cewa akwai haraji guda da ya kamata mutanen Tabla da Baleyara da Bonkuku da Filinge su nema da bakinsu, shi ne haraji mai nauyi a kan sigari. Lanho yana hawa kan mutum don kawai yana numfashi. Harajin sigari kuwa, ranar da mutum ya jefar da karan ƙarshe, ranar ya fita daga rajista, kuma babu dogarin da zai biyo shi gida. A duk harajin da aka taɓa aza wa talakan wannan ƙasa, shi kaɗai ne wanda ƙin biyansa ke ƙara wa mutum lafiya da dukiya.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce saurayi yana shan kara 10 a yini, kowane kara a kan sefa 25 wurin mai tebur. Sefa 250 ke nan a yini, a shekara kuwa 91,250, kuɗin da ya haura na buhu biyu na hatsi. Wannan hatsin ana ƙona shi kara-kara a gidan da uwargida ke auna tiya tana tunanin watan bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu fiye da miliyan 1 ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Wa ke shaƙar hayaƙin nan a ɗaki ɗaya da maigida, in ba mata da ƙananan yara ba?

A kan takarda Nijar ba ta yi baya ba. Ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a. To amma doka tana buƙatar mai tsaron ta a kowace tasha da kowace rumfa, farashi kuwa shi ke tsaron kansa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogara da shi ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, idan farashin sigari ya tashi da kashi 10 cikin 100, shan sa na raguwa da wajen kashi 5, kuma matasa da marasa hali su ne kan gaba wajen bari. Afirka ta Kudu ta gwada: daga 1994 ta yi ta ɗaga harajin taba, cikin shekaru goma shan sigari ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuɗin da ke shiga baitulmali daga gare shi kuma ya ninka.

Sai dai yadda ake aza harajin ya fi yawansa muhimmanci. Idan kaso ne na farashin da ɗan kasuwa ya bayyana wa 'yan duwan, to sigari mai araha kaɗan zai biya, kuma mai shigo da kaya yana da hanyar rage farashin a takarda. Idan kuwa kuɗi ne tsayayye a kan kowane kara, babu wurin ɓuya, kuma sigarin da ya fi araha, wanda yara ke fara koyo da shi, shi ne zai fi jin nauyin. A Disamba 2017 ƙungiyar CEDEAO ta tsayar da cewa ƙasashenta su karɓi aƙalla kashi 50 cikin 100, su ƙara da santi 2 na dalar Amurka a kan kowane kara. Ƙa'idar UEMOA ta wannan shekarar kuwa a kan kaso kaɗai ta tsaya, daga 50 zuwa 150. Tun Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Wanda ya ce ya karɓi ikon kansa, ai ya karɓi nauyin kansa: babu sauran fakewa da Abuja, hukuncin na Yamai ne. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya shi ne haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya, kuma can ya kamata a dosa.

Za a ce mana in an tsananta haraji fasa-ƙwauri zai yawaita. Wannan hujja ita kamfanonin taba ke fitowa da ita a kowace ƙasa, amma a Nijar ta zo wurin da bai dace da ita ba. Shekara da shekaru manyan motoci na ɗauko sigari daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome, su ratsa Agadas su nufi Libiya da Aljeriya, har aka yi wa Mokhtar Belmokhtar laƙabi da sunan Marlboro saboda wannan fatauci. Duk wannan ya bunƙasa a lokacin da sigari ke da arha a kasuwanninmu. Abin da ke raya fasa-ƙwauri shi ne iyaka marar tsaro da hannun da ke karɓar na goro, maganinsa kuwa hatimi a kan kowane kwali da bin sawun kaya daga tasha zuwa tebur, kamar yadda yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 2018 ta tanada. Za a kuma ce mutane za su koma ga taba gari da kanwa. Wasu za su koma, kuma ita ma cuta ce ga baki da maƙogwaro, aikin malamai da ma'aikatan lafiya ne su faɗa. Amma yaro ɗan shekara 14 da ke sayen kara ɗaya don ya yi kama da 'yan birni, da wuya ya musanya shi da tabar kakansa.

Inda na rabu da wasu masu wannan kira shi ne batun abinci. Akwai masu son a kwaso tsarin ƙasashen da ƙiba ta dama, a aza haraji a kan sukari da mai da duk abin da aka kira abinci mai cutarwa. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke fama da tsumburewa saboda ƙarancin abinci, cokalin mai a miya da ɗan sukari a koko ƙarfi ne ga jikin yaro. Mun kuma ga abin da ya faru a 2005, lokacin da aka aza harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sauran kayan masarufi: a watan Maris jama'a suka cika titunan Yamai, aka rufe kasuwanni a manyan birane, a Afrilu gwamnati ta ja da baya, shekarar kuma ta ƙare da yunwa. Ko Danmak mai arziki ta aza haraji a kan kitse a 2011, ba a yi shekara biyu ba ta soke shi.

Abin da ya cancanci haraji a wannan fanni shi ne lemon kwalba da na gwangwani masu zaƙi, waɗanda ba su ƙosar da kowa. Meziko ta sa peso 1 a kan lita a 2014, saye ya ragu. Ingila ta bi a 2018, kamfanoni da kansu suka rage sukarin da suke zubawa don su kauce wa biya. Nijeriya ta fara karɓar naira 10 a kan lita a 2022. Dunƙulen miya mai gishiri da shayin fada mai kauri kuwa, lallai suna da hannu a hawan jini da ciwon sukari, amma maganinsu ƙa'ida ga masu sarrafawa da wayar da kan masu girki. Daudawa ba ta ƙare a kasuwa ba, ga kuma dankalin Bonkuku da kayan lambun Dallol Boso.

Saura sharaɗi guda, wanda in babu shi duk maganar nan iska ce. Tilas a ga inda kuɗin ya tafi. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma shekara da shekaru gidajen likita na karkara sun yi ta jiran gwamnati ta biya su, har kantocin magani suka bushe. Filifin ta nuna hanya a 2012: ta ɗaga harajin taba da giya, ta rubuta a doka cewa mafi yawan ƙarin na lafiya ne, miliyoyin matalauta suka samu inshorar magani. Haka muke so. A rubuta kason lafiya a cikin dokar kasafi, a kuma liƙa a ƙofar kowane gidan likita, daga Tabla har Filinge, nawa aka karɓa, nawa ya iso. Jikokin waɗanda suka biya lanho a 1931 suna da haƙƙin ganin rasit kafin su yarda. In an nuna musu, ba na shakkar su ne za su fara cewa a ƙara. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba matasanmu ikon bari.