Yawan guga ba ya ƙara ruwan rijiya

A Gure, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shiga ma'aikatu. Sau da yawa ƙofofinta ba su wuce 2 ko 3 ba, shi ya sa ake sayen mahaɗar USB domin a jona injin buga takardu, faifan ajiya da salula gaba ɗaya.

Dabara ce mai amfani, amma tana da iyaka. Ƙofar USB 2.0, ta shekarar 2000, miliyamfa 500 take bayarwa; ta USB 3.0, ta 2008, 900. Mahaɗa ba ta ƙara wuta, rabawa take yi. Makiyayin ƙasar Muniyo ya san wannan a bakin rijiya. In wuta ta kasa, faifan ajiya yakan katse ana cikin aiki, takardun haifuwa su lalace, talaka ya koma ƙauyensa hannu rabbana.

Saboda haka ya kamata shugabannin ma'aikatu su sayi mahaɗa mai tata wayar lantarki, su hana cajin salula a kanta, kuma a riƙa aje kowace takarda wuri biyu. Araha ba ta ado.